To, ba ni rarar in ajiye

Ranar da na dawo gida da robobin sabulun wanke-wanke guda shida, ji nake kamar na ci gasa. Kantin da na shiga ya sa garaɓasa: ka sayi biyu, a ba ka na uku kyauta. Na biya kuɗin huɗu, na fito da shida. A ƙasan rasit an buga rarar da wai na samu da manyan baƙaƙe, har da zagaye ta da layi don kada ido ya tsallake. Na miƙa wa uwargida ina jiran a yaba mini. Ta karanta, ta dubi robobin da na jera a ƙasa, sannan ta buɗe mini tafin hannunta.

"To, Malam, ba ni."

"In ba ki me?"

"Rarar mana. Ai ga ta nan an rubuta. Ba ni in ajiye."

Ba ni da abin ba ta. Roba ɗaya ta rubuta mini a takardar cefane, na kashe kuɗin huɗu, kuma abubuwa biyu da ke ƙasan takardar ban sayo su ba don kuɗin hannuna ya ƙare tun kafin in kai kansu. Na fara yi mata lissafi, cewa sabulu ba ya lalacewa, roba ɗaya tana kai mu wata biyu, shida kuwa shekara guda ke nan a kuɗin wata takwas. Ta ce Allah ya kai mu mu gani.

Tun daga ranar nake da ra'ayin da har yanzu ban sauka daga kansa ba. Rangwame yana iya rage wa gida nauyi, amma da sharaɗi ɗaya mai tsauri: sai abin da aka yi wa rangwamen ya kasance dama za ka saye shi, a adadin da dama za ka saya, a kusan lokacin da dama za ka saya. Da zarar takardar rangwame ce ta zaɓa maka kayan, ko ta ƙara maka yawansu, ko ta ja ka kanti ranar da ba ka yi niyya ba, to aikinta ta yi, kuma mai kanti take yi wa aiki.

Asalin abin ma ba a ɓoye yake ba. Takardar rangwame ta farko da aka fi sani ta fito ne a Amurka a 1887, ta kamfanin Coca-Cola. Asa Candler, wanda ya mallaki kamfanin jim kaɗan bayan haka, ya riƙa raba takardu, kowacce ta kofin Coca-Cola ɗaya kyauta. Ba wanda ya ce ya yi haka ne don tausayin magidanta. Yana da abin sha da mutane ba su sani ba, yana so harshensu ya saba. A 1909 C. W. Post ya biyo baya da takardar ragin senti ɗaya a kan abincin karin kumallonsa na kwali. Fiye da shekara ɗari bayan haka, takardar ta koma lamba da ake turo wa mutum ta waya ko ya kwafa a shafin intanet, amma a wurin kamfani har yau dabarar talla ce. Duk wanda ya ware kuɗin talla kuwa yana jiran su dawo da 'ya'ya.

Akwai tambayar da ta daɗe tana yi mini yawo a kai: in mai kanti zai iya sayar da abu da ragin kashi 20 cikin 100 kuma ya ci riba, me ya hana shi sauke farashin ga kowa, ya huta da buga takardu? Amsar ita ce takardar rariya ce. Masu saye iri biyu ne. Akwai wanda zai biya cikakken farashi bai ko duba ba, akwai wanda in bai ga ragi ba zai juya ya tafi. Mai kanti yana son kuɗin su duka biyun, amma ba zai iya tsayawa a ƙofa yana tambayar kowa nauyin aljihunsa ba. Sai ya gindaya 'yar wahala: nemo lambar, yi rajista, zo kafin ranar kaza. Mai hali ba zai ɓata lokacinsa ba, zai biya cikakke. Mai lissafi zai sha wahalar, ya biya ƙasa. Masana tattalin arziki sun daɗe da sanin wannan dabara ta sayar da abu ɗaya a farashi daban-daban, tun 1920 Arthur Pigou na Jami'ar Kambrij ya karkasa ta. Wannan kuwa labari ne mai daɗi ga mai haƙuri, domin yana nufin ragin wani lokaci na gaske ne, wanda ya biya cikakken farashi ne ya ɗauke maka. Sai dai kuma yana nufin farashin da ke manne a jikin kaya an ɗaga shi ne tun farko da sanin cewa za a rage wa wasu.

Wanda ya fi kowa tona wannan asirin shi ne mutumin da ya yi ƙoƙarin kashe shi. A ƙarshen 2011 kamfanin JCPenney, mai manyan kantunan tufafi a Amurka, ya ɗauko Ron Johnson, wanda ya gina kantunan Apple, ya ba shi shugabanci. Da ya duba littattafai sai ya tarar kamfanin ya yi garaɓasa sau 590 a shekara ɗaya, kusan kashi uku cikin huɗu na cinikinsa daga kayan da aka zabge wa rabin farashi ne ko fiye, abin da ake sayarwa a cikakken farashi kuwa bai kai kashi ɗaya cikin 100 ba. Wato cikakken farashin nan ado ne kawai, kusan ba mai biyansa. Sai ya ce a daina wasan yara: a soke takardun rangwame, a rubuta farashin gaskiya mai sauƙi a jikin kaya, kowa ya biya shi kowace rana. A 2012 aka fara. Cinikin shekarar ya faɗi da kusan kashi 25 cikin 100, a watan Afrilun 2013 aka sallame shi, aka dawo da takardu da jan alƙalami. Kafin shi, a 1996, kamfanin Procter & Gamble ya gwada daina raba takardun rangwame a biranen Buffalo da Rochester da Syracuse na jihar New York, mutane suka yi ca a kansa, shekara ta zagayo ya janye.

Wannan labarin ya fi ba ni kunya fiye da yadda ya ba ni dariya, don ni ma ina cikin waɗanda za su juya wa Johnson baya. An miƙa wa mutane farashi mai sauƙi a fili sun ƙi, sun fi so a rubuta musu mai tsada a soke shi a gabansu. Richard Thaler, wanda ya ci kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2017, ya raba daɗin saye gida biyu: amfanin kayan da ka saya, da kuma daɗin jin cewa ka yi ciniki mai kyau. Na biyun nan shi ya cika mini ƙirji ranar sabulu. Ba a dafa shi, ba a wanki da shi, ba a biyan kuɗin makaranta da shi, amma mutum yana iya fitar da kuɗi na gaske ya saye shi.

Duk aikin yana kan wannan lambar da aka ja wa layi. Tun 1974 Amos Tversky da Daniel Kahneman suka nuna cewa lambar da mutum ya fara gani tana jan ƙiyasinsa zuwa gare ta, ko da ba ta da alaƙa da abin da ake tambaya. In ka ga 100 an soke an rubuta 80, hankalinka yana kan 20 ɗin da aka bar maka, ya manta da 80 ɗin da za su fita. Ba ka kuma san ko an taɓa sayar da kayan a 100 ba. Abu yana 80, a ɗaga shi zuwa 100 na 'yan kwanaki, a dawo da shi 80 a rubuta "ragin kashi 20", ba a yi ƙarya a lissafi ba, kai kuwa ba ka samu komai ba. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, haka ma Baƙar Juma'ar nan ta garaɓasar ƙarshen Nuwamba da ta faro daga Amurka ta bazu duniya: wanda bai duba farashi tun Oktoba ba, ba shi da ma'aunin da zai auna ta. Ƙungiyar kare masu saye ta Which? a Birtaniya ta sha bin diddigin kayan da ake tallatawa a ranar, kuma shekara bayan shekara tana samun cewa mafi yawansu ana samun su a wannan farashin ko ƙasa da shi a wasu lokutan na shekara.

A nan ne nake ganin maganar ta wuce wayon mutum ɗaya, ta zama ta hukuma. Magidanci ba zai iya haddace farashin kaya ɗari na wata uku ba, mai kanti kuwa kwamfutarsa ta haddace. Tarayyar Turai ta yi abin da ya dace: tun 28 ga Mayun 2022, duk mai sayarwa da ya sanar da ragi dole ya nuna farashi mafi ƙasa da ya sayar da kayan a cikin kwana 30 da suka gabata. A Satumban 2024 kotun Tarayyar, a shari'ar da ta shafi kantunan Aldi Süd na Jamus, ta ƙara da cewa kason ragin ma a kan wannan farashin za a lissafa shi. Doka ce gajera, ba ta hana kowa yin garaɓasa ba, ba ta ƙayyade farashin komai ba. Abin da ta hana kawai shi ne a ƙirƙiro "farashin da" daga iska. Ban ga dalilin da zai sa wata ƙasa ta rasa irinta ba.

Sauran dabarun ƙananan lissafi ne da ba ma tsayawa mu yi. "Sayi ɗaya, na biyu a rabin kuɗi" ragin kashi 25 ne, kuma sai ka ɗauki biyu. Ragin kashi 20 da ƙarin kashi 10 a kai 28 ne, ba 30 ba. "Ragi har zuwa kashi 70" yana iya nufin abu ɗaya tak a lungun kanti. Sai wadda ta fi kama ni: lambar da ba ta aiki sai sayayyarka ta kai wani adadi. Na taɓa zama da dare, kayan da nake buƙata suna cikin kwandon wani shagon intanet, saura kaɗan in kai iyakar da za a kawo mini kyauta. Na shafe fiye da rabin awa ina neman abin cikewa, daga ƙarshe na ƙara fitilar karatu da kuɗinta ya ninka kuɗin kawowar. A saman shafin agogo yana ta ƙirga mintuna da jan launi wai tayin zai ƙare. Washegari na leƙa, agogon ya sake farawa daga farko. Fitilar tana nan cikin kwalinta a saman kabad.

Sabulun kuwa, a wata na takwas uwargida ta ɗago robar ƙarshe ta girgiza mini ita a fuska, babu komai ciki. Abin da ya faru ba wani abin mamaki ba ne. Lokacin da roba ɗaya ce a gida, ana ɗiga shi ne a soso, in ya kusa ƙarewa a zuba ruwa a girgiza. Da yara suka ga biyar jere a ƙarƙashin wurin wanke-wanke, sai aka koma tsiyayawa, aka wanke keke da shi, aka yi wasan kumfa. Kuɗin roba huɗu dama wata takwas suke kai mu, kuma wata takwas ɗin suka kai mu. Rarar sulusin da aka zagaye da layi ta bi magudanar ruwa. Wannan ma sabulu ne da ba ya ruɓewa; in abin ci ne mai kwanan wata, rabinsa kwandon shara yake tafiya, mutum ya biya kuɗi ya sayi aikin zubarwa.

Ba a ce mai sayarwa ba ya taɓa faɗuwa ba. A 1992 reshen Birtaniya na kamfanin Hoover, mai ƙera injin shara, ya yi alkawarin tikitin jirgi biyu kyauta, har zuwa Amurka, ga duk wanda ya sayi kayansa na fam 100. Mutane suka yi lissafi suka ga tikitin ya fi injin shara tsada nesa ba kusa ba, suka yi ta saye. Kamfanin ya yi asarar miliyoyin fam, manyansa suka rasa aikinsu. Ana ta ba da labarin har yau ne saboda ba kasafai ake ganin irinsa ba.

Yanzu kuma an koma katin abokin ciniki da manhajar waya. Tesco, babban kamfanin kantuna na Birtaniya, ya fito da katinsa mai suna Clubcard a 1995, kuma abin da ya gano shi ne sanin me kowane gida yake saya, yaushe, nawa, ya fi 'yan makin da yake rabawa daraja. Yau a manyan kantuna da yawa kaya ɗaya farashi biyu ne, na mai kati da na marar kati. Don adalci, hukumar kula da gasar kasuwanci ta Birtaniya ta duba kaya kusan 50,000 masu irin wannan farashi a 2024, ta ce mafi yawansu ragi ne na gaske. Na yarda. Sai dai kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski: ladan shi ne ragin, askin kuwa shi ne ka buɗe musu littafin gidanka, su san ranar da albashi ke shiga da abin da ba ka iya wucewa ba ka ɗauka ba, su turo maka tayinsa daidai wannan ranar. Ina da katin, ina amfani da shi, amma na kashe sanarwar manhajar.

Abin da ya fi ci mini rai a duk wannan shi ne yadda ake juya maganar kan talaka. Duk lokacin da rayuwa ta yi tsada sai masu ba da shawara su fito: ku nemi rangwame, ku sayi da yawa lokaci ɗaya, ku jira garaɓasa. Wa ke iya sayen shida a kuɗin huɗu? Wanda yake da kuɗin huɗun a hannu yau, da wurin ajiya, da firji mai aiki, da abin hawan da zai kwaso kayan, da waya mai intanet, da lokacin zaman kwatanta farashi. Wanda kuɗinsa na yau shi ne cefanensa na yau ƙaramin ƙunshi zai saya, wanda in aka auna da gram ko lita shi ne mafi tsada a kantin, kuma a cikakken farashi. Ke nan rangwamen da ake cewa taimakon marar hali ne, mai ɗan hali ya fi cin moriyarsa, wani lokaci ma marar halin ne ke cike giɓin. Ni da na iya kashe kuɗin roba huɗu a kan wauta na kwana lafiya, ba ni da bakin gaya wa wanda ba shi da na ɗaya cewa rashin dabara ne ya hana shi tari. Rangwame yana taɓa gefen kasafin gida ne kawai. Haya da makaranta da magani da sufuri, inda kuɗin gaske yake tafiya, ba a raba musu takarda.

Duk da haka ban daina amfani da shi ba, kuma ba na ba kowa shawarar ya daina. Wanda ya ga ragi a kan abin da ke cikin takardarsa ya ƙi karɓa, ya yi wa mai kanti kyauta ne kawai. Abin da ya canza a gidanmu shi ne wanda ke gaba da wanda ke baya. Takardar cefane ake fara rubutawa, a gida, kafin a buɗe kowace manhaja. Bayan an gama sai a duba ko akwai lamba ko tayi a kan abin da aka riga aka rubuta. Akwai kaya kamar goma da muke saya kowane wata, uwargida ta rubuta farashinsu a bayan littafinta, a kan kilo ko lita, don haka in aka ce an yi ragi ba ma tambayar lambar da aka soke, littafin muke tambaya. Sau da yawa ma sai ka ga kayan da ba su da sanannen suna, ba tare da wani ragi ba, sun fi mai sunan da aka rage wa kashi 20 sauƙi. Babban abu irin na lantarki kuwa, in dama mun yanke shawarar saye, muna iya jiran lokacin ragi wata biyu ko uku, kuma a nan ne na ga sauƙin da ya amsa sunansa.

Sai dokarta, wadda ta kafa tun ranar sabulu kuma ba ta sassauta ba. Duk wanda ya shigo gida ya ce ya samu rara, zai ciro ta a ranar, kuɗi a hannu ko a tura asusun ajiya, ta rubuta. In ba a iya cirowa ba, ba a rubutawa. Watan jiya na dawo da rasit mai rara babba, na zaro abin da ya saura a aljihuna daga kuɗin cefane na ajiye mata a kan tebur. Bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na abin da rasit ɗin ya faɗa ba. Ta ƙirga, ta rubuta nata adadin a littafi, ta miƙo mini rasit ɗin ta ce in jefa a shara in na tashi.